Barcin da ba na sauƙi ba ne: nazarin lamarin wata mai masa da ciwon huhu ya taso wa

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar cikin garin Bauchi ce, shekarunta sun haura 60, kuma ta yi fiye da shekara 35 tana suyar masa. Zan riƙa ce mata Inna, kamar yadda kowa a ɗakin jinya ya riƙa kiranta. Ba ta taɓa kai taba bakinta ba, marigayi mijinta ma bai sha ba. Hayaƙin itace ne ya ci huhunta. Tun kiran assalatu take hura murhu a wani ɗan madafi mai rufin kwano, tagarsa ɗaya, ita ma a toshe da buhu don kada iska ta riƙa watsa wuta. Ta duƙa kan tanda har hantsi ya dubi ludayi, da yamma kuma ta koma girkin gida a wurin nan dai.

Tari mai kaki da safe ya kama ta kusan shekara 8 kafin a kawo ta wurinmu. Haki ya biyo baya a hankali: da farko sai ta ɗauki bokitin ƙullu take jin sa, daga baya ko gidan suna za ta a cikin unguwa sai ta tsaya ta jingina da katanga. An ce mata asma ce, an ce sanyi ne, ta sha jiƙe-jiƙe, ta saba da ƙwayoyin salbutamol na kemis. Gwajin hura iska kuwa, wanda shi ke tabbatar da irin ciwonta, ba a taɓa yi mata ba.

Ciwon shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da COPD, wato ƙuntatar hanyoyin iska na huhu wadda ba ta warkewa gaba ɗaya. Bututan iska sun kumbura sun cika da majina, ƙananan buhunan iska sun saki, don haka fitar da numfashi ya fi shigar da shi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, a shekarar shi ne na huɗu cikin manyan masu kisa a duniya. A ƙasashen Turai taba ce kan gaba wajen jawo shi. A wurinmu, duk likitan da ya tsaya jiran mashayin taba zai wuce mata masu tuwo-tuwo, masu ƙosai da masu masa bai gan su ba.

Yadda ya taso

Ƙarshen watan Disamba ne, hazo ya sauko, ƙura ta turnuƙe gari. Jikanta ya kawo mura gida, ita ma ta kama. Kwana 4 bayan nan kaki ya ƙaru ya koma kore, salla ta koma yi a zaune, barci ma a zaune, ba ta iya haɗa magana ɗaya ba tare da ta yanke ta ja numfashi ba. Da la'asar babban ɗanta da 'yarta suka sa ta a keke-napep zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna oksijin ɗin jininta kashi 79 cikin 100. Aka ɗaura mata takunkumi mai jaka, aka buɗe tukunya har lita 15 a minti, maganin turiri ma da oksijin aka riƙa tura shi. Lamba ta haura 99, ta kai 100. Inna ta daina kokawa, ta lafa, ta yi barci. 'Ya'yanta suka yi hamdala, har ɗan ya fita ya buga wa dangi waya cewa jiki da sauƙi.

Bayan kusan awa 3 'yar ta zo ba ta ruwa, ta tashe ta, ta ƙi tashi sosai. Nan aka rubuto mana ita.

Da ta iso, takunkumin nan na fuskarta, lamba 100. In an kira ta da ƙarfi sai ta buɗe ido, ta amsa da "uhm", ta koma. Tafin hannunta da ɗumi, bugun jijiya cike yana tsalle, sau 118 a minti. Da aka miƙar mata da hannaye aka ɗaga tafin sama, sai suka riƙa karkaɗawa suna faɗuwa. Numfashi sau 28 a minti, gajere, na sama-sama. Ƙirji ya buɗe ya sandare, iskar da ake ji da abin sauraro kaɗan ce, da ɗan fito wajen fitarwa. Waɗannan alamu ne na taruwar iskar kabon-dayoksaid, wadda jiki ke fitarwa da kowane numfashi. Barcin da 'yan uwa suka ɗauka sauƙi ne, bugun iskar kabon ne.

Tambayar da na fara yi wa 'yar ita ce ko suna sa kaskon garwashi a ɗaki da dare. A hunturu wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin gubar hayaƙin gawayi ita ma tana kawo magagi, ma'aunin yatsa ba ya bambanta ta da oksijin, kuma ita maganinta oksijin ne mai yawa. Ta ce a'a, Inna ba ta jure ko turaren wuta yanzu. Sukarin jini daidai, gwajin maleriya ba komai, babu alamar shanyewar ɓarin jiki.

Muna da ƙaramar na'urar auna iskar jini, wadda muke tattalin katinta don tsada. Irin wannan dare aka ajiye shi dominsa. Sakamako: ma'aunin tsamin jini, pH, ya nuna 7.24, alhali lafiyayye yana tsakanin 7.35 da 7.45, kuma saukar lambar na nufin jinin ya ƙara tsami. Iskar kabon 78, a maimakon 35 zuwa 45. Bayikabonet, sinadarin da ƙoda ke riƙewa don rage tsamin jini, ya hau 32, wanda ke nuna ƙodarta ta daɗe tana rufa wa huhun asiri. Wato ta saba zama da kabon mai ɗan yawa, amma a daren nan ya fi ƙarfin jikin.

Oksijin magani ne, yana da awo

Ba na ganin laifin wanda ya ga 79 ya firgita. Ƙarancin oksijin yana kisa cikin mintuna, kuma ba daidai ba ne a hana mai irin wannan ciwo oksijin don tsoron kabon. Inda aka kuskure shi ne ba a sa wa abin iyaka ba, aka buɗe aka tafi. Ga mai COPD da ciwon ya taso, abin nema shi ne lamba ta zauna tsakanin 88 da 92. Duk abin da ya haura nan ba ƙari ne na alheri ba.

Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne cewa ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane ta dogara da ƙarancin oksijin don ta tuna da numfashi, in an cika shi sai ta yi sakaci. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba shi ne babban dalili ba. Huhu yana da dabarar matse jijiyoyin jini a sassan da iska ba ta isa, ya karkatar da jinin zuwa inda ke aiki. Oksijin mai yawa yana warware wannan matsi, jini ya koma bi ta lalatattun sassa inda ba zai iya sauke kabon ba. Ga kuma jan sinadarin jini, wanda in ya ƙoshi da oksijin sai ya saki kabon ɗin da yake riƙe da shi. Lafiyayye zai ƙara numfashi ya fitar. Inna ba ta da sauran ƙarfin ƙarawa.

An gwada wannan a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, aka buga sakamakon a 2010. Marasa lafiya 405 ne da motar asibiti ta ɗauko, wasu aka ba su oksijin a buɗe, wasu a kan awo. Cikin waɗanda aka tabbatar COPD gare su, kashi 9 cikin 100 na rukunin farko suka rasu, na biyu kashi 2. Yadda aka ba su oksijin a tafiyar mota ne kawai ya raba su.

Ba mu fizge takunkumin lokaci ɗaya ba, don yanke oksijin kwatsam ga wanda kabon ya cika wa huhu yana iya jefa shi ƙasa da inda ya fara. Muka sauya zuwa takunkumin Benturi, wanda ke haɗa oksijin da iskar ɗaki a kan ƙayyadadden kashi, ko mutum na haki ko ba ya yi. Bakinsa launi-launi ne: shuɗi kashi 24, fari 28, rawaya 35, ja 40, kore 60. Iskar da kowa ke shaƙa kashi 21 ce. Muka fara da rawaya, muka sauko fari a kan lita 4, lamba ta tsaya 90. Inda babu Benturi, siririyar robar hanci a kan lita 1 zuwa 2 tana yin aikin, in dai akwai mai duba lamba a kai a kai.

Nan ɗan ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ga an mayar da ƙwallon ma'aunin tukunya ƙasa, ya ga 100 ta koma 90. Ya ce, "Likita, in maganar kuɗi ce a faɗa mana, za mu nemo. Don Allah kada a rage wa Inna iska." Na ce, "Malam, ba kuɗi ba ne. Iskar da aka cika mata ce ta sa ta wannan barcin. Ka ba mu awa ɗaya, ka tsaya nan ka gani da idonka." Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda ake faman neman tukunya, yau ga ta cike kuma ana maƙale ta. Sai da na rubuta 88 da 92 da babban rubutu a takarda na manna a kan gadon, na ce shi ne mai gadin lambar, ta sauka ko ta haura ya kira sista, sannan ya ɗan saki rai.

Ma'aunin yatsan ma sai da lura. Yatsun Inna da dayis baƙi ƙirin na bikin da aka yi a gidansu, ga sanyin hunturu, lamba na ta rawa. Muka mayar da shi yatsan ƙafa bayan an ɗumama. Wani bincike daga Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata, don haka ban yarda a bar ta tana lilo a 88 ba, na fi son 90 zuwa 92.

A cikin wannan awa aka ba ta salbutamol miligiram 5 da ipratropium maikurogiram 500, magungunan buɗe ƙirji, ta na'urar turiri mai aiki da iskar ɗaki, robar hanci na ƙarƙashi. Aka ba ta maganin rage kumburi ta jijiya tunda haɗiya ba ta da tabbas, daga baya aka koma prednisolone miligiram 40 kullum na kwana 5. Koren kaki ya sa aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hoton ƙirji ya nuna huhu a kumbure da iska, tantanin da ke ƙasansa ya baje, babu limoniya, babu iskar da ta fashe ta taru a gefen huhu. Aka aika kaki gwajin tibi, wanda ba a tsallake shi a ƙasarmu ga mai tsohon tari. Ya dawo babu.

Da awa ta cika aka sake awo: pH 7.27, kabon 72. Ta ɗan fi farkawa, tana gane 'yarta, amma kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, cikinta na shiga ciki lokacin da ya kamata ya fito. Gyaran oksijin ya tsayar da ɓarnar, bai biya bashin ba. Naman numfashinta ya gaji.

Abin da ke gabanmu

A wannan gaɓa ƙarin oksijin ba shi da abin yi. Matsalar ba ta shigar iska mai kyau ba ce kaɗai, ta fitar da gurɓatacciya ce, kuma wannan sai da ƙarfin turi.

Akwai na'urar da ke hura iska mai ɗumi da laima ta hanci har lita 60 a minti. Tana da daɗin sawa, mutum na iya magana da cin abinci, tana kuma wanke ɗan kabon daga hanci da maƙogwaro. Amma in jini ya riga ya yi tsami ba ita ake fara ɗauka ba, kuma mu ba mu da ita. Akwai na'urar CPAP mai tura iska da matsi ɗaya tak, wadda ta fi amfani ga wanda ruwa ya cika wa huhu saboda zuciya, ko mai shaƙewa cikin barci. Ba ta taya jan numfashi yadda Inna ke buƙata. Na ambace ta ne don kamanninsu ɗaya da wadda muke so, kuma ana rikita su.

Wadda muke so ita ce BiPAP: takunkumi mai kama fuska gam, da na'ura mai matsi biyu, babba lokacin jan numfashi, ƙarami lokacin fitarwa. Kamar mai taya ɗan garuwa tura kura ne a kan hawa, ba ya karɓe kurar, hannu yake sawa daidai lokacin da mai ita ya yunƙura. Ƙa'idar sa ta a bayyane take: pH ƙasa da 7.35, kabon sama da 45, bayan an yi awa ana magani yadda ya kamata. Binciken da likitocin Faransa suka jagoranta a 1995 a kan mutum 85 ya nuna ta rage buƙatar zura bututu daga kashi 74 zuwa 26, mutuwa daga 29 zuwa 9. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na asibitoci 14 a Ingila a 2000, mutum 236, a ɗakunan jinya na gama-gari, a hannun nas-nas da aka koya wa aikin: mutuwa ta sauka daga kashi 20 zuwa 10. Sai dai a can ma waɗanda pH ɗinsu ya gaza 7.30 ba su ci riba kamar sauran ba, kuma Inna a cikinsu take. Ban ɓoye wa kaina wannan ba.

Na ƙarshe shi ne a sa ta barci, a zura bututu ta maƙogwaro, bentileta ta karɓi numfashin ɗungurungum. Wannan aikin sashen kulawa ta musamman ne, wanda mutane ke ce wa ɗakin gobe da nisa, kuma sai manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Yana ceton rai, yana kuma da nasa haɗari: limoniyar bututu, raunin jiki, da wahalar raba mai lalataccen huhu da na'urar. Amma ban yarda da masu cewa duk mai COPD da aka zura wa bututu ba ya tashi ba. Mace ce da har makon jiya take sana'arta, wannan ne karon farko da aka kwantar da ita, kuma abin da ya kayar da ita mai gyaruwa ne.

Tun kafin a kunna BiPAP na zaunar da 'ya'yan biyu da ƙanin mijinta, wanda suke kira Baffa. Na gaya musu za mu gwada na awa 1 zuwa 2. In tsamin jini ya ƙaru, ko ta daina farkawa, ko ta fara amai, za mu tura ta inda za a sa bututu, kuma mun riga mun yi waya. Baffa ya ce, "Rai na Allah ne, likita, amma a yi duk abin da ya kamata." Wannan zance gara a yi shi da ƙarfe 10 na dare kowa na cikin hayyacinsa, da a yi shi da ƙarfe 3 ana gudu a baranda.

Daren takunkumi

Na'urar tamu ɗaya ce, tun zamanin korona a 2020 aka samo ta. Kunna ta minti ɗaya ne. Sa mutum ya yarda da ita shi ne aikin. Wanda ke jin ana shaƙe shi, ka zo masa da roba za ka rufe masa hanci da baki, dole ya ture. Inna ta kama hannun sista da ƙarfin da ba mu zata ba, ta ce, "Za ku toshe ni." Sista ta ɗaga kan gadon ta zaunar da ita sosai, ta sa takunkumin a tafin hannun Inna don ta ji iskar, sannan ta ba 'yar ta riƙe mata a fuska ba tare da an ɗaure ba. "Inna, ja. Yauwa. Saki. Sannu Inna, ja kuma." Haka aka yi ta yi wajen minti 20, matsi na sama a kan 12, na ƙasa a kan 4, kafin a ɗaura igiyoyin. Aka sa mata carbinta a hannu. Ba a ba ta ko ƙwayar maganin kwantar da hankali ba, don irinsu diazepam a wannan hali suna iya ƙarasa kashe numfashin.

Haƙoran Inna na gefe sun zube, kumatu sun faɗa, iska na tsiyaya ta nan tana hura mata ido. Maimakon a ƙara tamke igiya har karan hanci ya yi gyambo, aka sauya ƙaramin takunkumi, aka sa auduga a ramin kumatun, aka manna filasta mai taushi a karan hanci. Cikin rabin awa aka haura da matsin sama zuwa 18, ana kallon ƙirji yana ɗagawa. Oksijin lita 2 aka jona a bututun.

Wajen sha biyun dare sista ta tarar ɗan ya ɗora babban yatsansa a kan 'yan ƙofofin da ke gaban takunkumin. Ya ji iska na fita, ya ɗauka yoyo ne, yana taimako. Ta nan ne kabon ke fita. In aka toshe, abin da ta fitar shi za ta sake shaƙa. Tun daga ranar, nuna wa 'yan jinya waɗannan ƙofofi ya shiga cikin abin da muke yi kafin a kunna na'urar.

Awa ɗaya da farawa, pH 7.31, kabon 65, numfashi ya sauko 22. Da ƙarfe 2 aka ɗauke wuta. BiPAP ɗin na kan inbata, ta ci gaba, amma injin tace oksijin ya mutu, sai aka juya kan tukunyar da aka girke a gefen gado tun farko. Babbar tukunya mai lita 6,800 ba ta kai awa 8 a kan lita 15, a kan lita 2 kuwa tana haura kwana 2. An kuma gaya wa kowa cewa in na'urar ta tsaya, abu na farko shi ne a cire takunkumin, kada a tsaya neman mai janareto fuskarta a rufe. Kafin asuba pH ya kai 7.36, kabon 58. Da gari ya waye ta nuna a cire, ta ce kunu take so, kuma wa ya bar mata ƙullu a waje.

Sauran jinyar ba ta da wani abin mamaki. Ranar farko ta wuni da takunkumin, ana cirewa don abinci, magani da salla. Aka riƙa tsawaita hutun rana, aka bar na dare, a rana ta 4 aka ajiye shi. Sukari ya ɗan hau saboda prednisolone, ya sauka da aka gama. An yi mata allurar hana daskarewar jini, aka tashe ta tafiya a baranda tun rana ta 3. Aka sallame ta a rana ta 8, lamba 89 ba tare da oksijin ba.

Bayan sallama

Ɗan ya so ya sayi injin tace oksijin a kai gida, har ya fara tambayar farashi. Na ce ya dakata. Oksijin na gida yana tsawaita rai ne ga wanda lambarsa ta zauna 88 ko ƙasa bayan ciwon ya lafa, kuma sai an sha shi aƙalla awa 15 a kullum. Binciken Amurka na 1980 da na Birtaniya na 1981 ne suka kafa wannan. Ba a yanke hukunci da awon ranar sallama, sai an sake dubawa bayan wata 2 zuwa 3, don da yawa suna farfaɗowa. Ga injin na son wuta ba yankewa, ga gidan da ake hura murhu, oksijin kuwa yana sa wuta ta ci kamar an zuba mata fetur. Abin da na fi tsoro ma shi ne a samu injin a gida ba ma'auni, duk sanda ta yi haki a murɗa shi sama.

Abin da muka ba ta ya fi arha. Kati ne a cikin leda, da Hausa da Turanci, mai cewa tana da COPD, kabon ya taɓa taruwar mata, a riƙe oksijin ɗinta tsakanin 88 da 92, a yi mata turiri da iskar ɗaki. Muka ce ya zauna cikin jakar da take zuwa asibiti da ita. Aka koya mata shaƙar inhela ta cikin mazubin da ake jona mata a baki, aka daina ƙwayoyin kemis masu sa ta rawar hannu da bugun zuciya. Aka koya mata fitar da numfashi a hankali da leɓe a tsuke. Aka gaya wa 'yar alamun da ba a kwana da su a gida: kaki ya sauya launi, magana ta gagara, ko barcin rana mai nauyi da ciwon kai da safe. Suyar ta koma hannun surukarta, a tsakar gida.

Ta dawo bayan mako 8 da ƙafarta. Lamba 91 a zaune, tana sauka 87 in ta yi tafiyar minti 6, ta dawo da ta huta. Kabon 48, pH daidai, don haka babu dalilin BiPAP na gida. Gwajin hura iska bayan maganin buɗe ƙirji ya nuna abin da take fitarwa a daƙiƙar farko kashi 52 ne na duk abin da take iya fitarwa, alhali ƙasa da 70 ke tabbatar da ciwon, kuma ƙarfin hurawar kashi 38 ne na abin da ake sa ran sa'arta ta yi. Mataki mai tsanani ke nan. Ba a rubuta mata oksijin na gida ba. An ɗora ta a kan tiotropium, maganin buɗe ƙirji da ake shaƙar garin ƙwayarsa, shaƙa ɗaya kullum. Da aka ƙirga ƙwayoyin da suka rage a zuwanta na gaba, sai aka ga tana tsallake rana don ya kai mata wata biyu, saboda tsada. Aka kira ɗan, aka nuna masa cewa kuɗin da ya tanada don injin zai riƙe wannan magani na tsawon lokaci, aka sa mata ranar dawowa a watan Oktoba, kafin hazo ya sauko.